Kyauta ga kowane yaro ko ga gwanaye kaɗai: wanne ya dace da makarantarku?

Da zarar zangon karatu na uku ya doshi ƙarshe, wajen watan Yuli, wata gardama kan taso a ofishin shugaban makaranta ko a zaman kwamitin iyaye da malamai. Kuɗin kyaututtuka kaɗan ne, yara kuma ga su nan birjik. Wasu su ce a sayi abu mai daraja a ba na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, yadda muka taso muka tarar. Wasu su ce a'a, a gutsuttsura kuɗin kowane yaro ya koma gida da wani abu a hannu, ko da fensir ne da takardar shaida, don kada uwa ta bar sana'arta ta wuni a ƙarƙashin rumfa har a tashi ba a kira sunan ɗanta ba. Ita ce dai gardamar da ake maimaitawa ranar gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, idan aka zo kan wa za a rataya wa lamba: waɗanda suka riga kowa taɓa zare, ko duk wanda ya cire takalmi ya shiga fili?

Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi, sai dai yawancin masu gardamar suna magana ne a kan yara daban-daban ba tare da sun ankara ba. Mai cewa a ba kowa, ɗan shekara 5 yake hange. Mai cewa a ba gwani, ɗan shekara 14 ne a ransa. Shi ya sa kafin ku yanke shawara ya kamata ku duba abin da kowane tsari yake yi wa yaro a shekarunsa, da kuma abin da kyautar take faɗa masa a kan kansa.

Idan aka tsaya kan na ɗaya, na biyu, na uku

Babban ƙarfin wannan tsari shi ne babu ƙarya a cikinsa. Wanda ya karɓi kofi ya san abin da ya sa aka ba shi, 'yan kallo ma sun sani. Mu kuwa mutane ne masu girmama gwaninta a bainar jama'a, har muna cewa yabon gwani ya zama dole. A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa. Jihohi 8 kowace takan kawo 'yan kokawa 10, amma takobi ɗaya ne tak, kuma shi ya sa sunan wanda ya ɗauke shi, irin su Issaka Issaka na Dosso, yake shiga kowane gida. Da takubba 80 ake ƙerawa a raba, da ba wanda zai kunna rediyo. Haka musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a Najeriya, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986. Ɗalibi kan fara daga ƙaramar hukuma, ya haye jiha, ya kai matakin ƙasa, a kowane mataki ana tankaɗe wasu. Duk malamin da ya taɓa shirya yara domin musabaƙa ya ga yadda kwaɗayin wannan matsayi yake tayar da su tilawa tun kafin asuba ba tare da an tashe su ba.

Hujja ta biyu ita ce duniyar da ke jiran yaran. Jarrabawar shiga sakandare tana tacewa, JAMB tana tacewa, gurbin karatun likita ba ya isar kowa, ɗaukar aiki ma haka. Gara yaro ya ɗanɗani faɗuwa yana ɗan shekara 12 a filin makaranta, inda akwai malamin da zai dafa masa kafaɗa ya ce gobe ma rana ce, da ya fara haɗuwa da ita yana da shekara 18 shi kaɗai a gaban kwamfuta. A Amurka, inda aka fi kowa wannan muhawara, wani ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin tasu mai suna James Harrison ya ja hankalin jama'a a 2015 da ya ce zai mayar da kofunan da aka ba 'ya'yansa biyu saboda shiga wasa kawai, sai ranar da suka ci na gaske. Mutane da yawa a can sun goyi bayansa, kuma na tabbata a nan ma zai samu magoya baya fiye da can.

Amma ku yi lissafi. Aji mai yara 60, kyauta 3. Duk malamin firamare ya san cewa waɗannan kujeru uku, yara biyar ko shida ne suke musayarsu tun daga aji ɗaya har aji shida. Su kam kyautar tana zaburar da su ƙwarai. To na 40 fa? Shi ya riga ya san ko zai kwana yana karatu ba zai kai can ba, kyauta kuwa ba ta jan wanda bai hango yiwuwar samunta ba. Sama da yara 50 ke nan da tsarin bai ce musu komai ba, in ban da tuna musu duk shekara cewa ba su ne ba.

Sannan a duba abin da matsayin yake aunawa. A aji guda na makarantar gwamnati za ka tarar da tazarar shekara biyu ko uku tsakanin yara, saboda wani an sa shi da wuri, wani sai da ya yi ƙwari. A tsere wannan tazara ita ce komai. Ɗan shekara 12 da ke aji huɗu zai wuce ɗan shekara 9 ko bai taɓa atisaye ba. Masu bincike a Kanada sun gano tun cikin shekarun 1980 cewa a manyan ƙungiyoyin wasan hoki na kan ƙanƙara, waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi na ƙarshenta yawa nesa ba kusa ba, domin tun suna ƙanana 'yan watannin da suka ba sa'o'insu sun sa sun fi girma, aka zaɓe su, aka fi horar da su. Idan tazarar watanni ta yi wannan aiki, ina ga ta shekaru? A karatu ma haka. Yaron da ake ɗaukar wa malamin darasi a gida, ga wuta ga tebur, ana auna shi da ma'auni ɗaya da yarinyar da sai ta sayar da ƙosai kafin ta sa rigar makaranta. Ba laifin na farkon ba ne, kuma ya cancanci yabonsa. Amma kofin bai nuna wa ya fi wahala ba.

Nan ne matsalarmu ta sha bamban da ta Amurka. Su tsoronsu kada yaro ya shagwaɓe. Mu babban tsoronmu kada yaro ya daina zuwa gaba ɗaya. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara kimanin miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. A gidan da uba dama bai gama yarda da boko ba, katin sakamako mai ɗauke da "ta 52 cikin 60" hujja ce a hannunsa: ba ta da kan karatu, ta zauna ta taya uwarta. A wasu gidajen ranar karɓar sakamako ranar bulala ce. Yaron da aka saba kira daƙiƙi ko kurar baya a gaban aji, ba ƙoƙari yake ƙarawa ba, wurin ɓuya yake nema. Wasu kuma su koyi satar amsa tun suna firamare, domin sun fahimci lambar ake tambaya, ba a tambayar yadda aka same ta.

Idan aka ba kowa

Ga ƙananan yara, wannan tsari ne ya fi dacewa da yadda hankalinsu yake. Masanin halayyar yara John Nicholls ya nuna tun ƙarshen shekarun 1970 cewa yara 'yan shekara 5 ko 6 ba su rarrabe tsakanin ƙoƙari da baiwa. A wurinsu wanda ya dage shi ne gwani. Sai sun doshi shekara 11 ko 12 suke gama fahimtar cewa mutum zai iya dagewa wani ya fi shi. Don haka ɗan nazare da ya yi gudun buhu ya faɗi sau biyu ya tashi ya ƙarasa, a ransa ya yi abin a yaba, kuma gaskiyarsa ce. Idan aka hana shi lamba aka ba na kusa da shi, ba darasin juriya ya koya ba. Abin da ya gane shi ne malama ba ta son sa.

Akwai ƙasar da ta mayar da wannan doka. A Norway, ƙa'idojin haƙƙin yara a wasanni, waɗanda aka fara tun 1987, sun ce idan za a ba da kyauta a gasar yara to a ba kowa, ba a fitar da jerin matsayi sai yaro ya shiga shekara 11, ba kuma ya shiga gasar zakarun ƙasa sai ya kai 13. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, amma ita ta fi kowa lambobi a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 2018, da lambobi 39, kuma a can ne Erling Haaland ya koyi ƙwallo. Ba zan ce dokar ce kaɗai ta yi wannan ba, suna da kuɗi da filaye da masu horarwa. Amma ta isa ta karya maganar cewa ba kowa kyauta a yarinta yana kashe zakaru. Dabararsu ita ce a riƙe yara da yawa a cikin wasa har jikinsu ya nuna wane ne wane. Singafo ma, wadda ɗalibanta suke kan gaba a duniya a lissafi, ta cire matsayin aji daga katin sakamako a 2019. Ko a gasar Olamfik kanta, tun ta farko a Atina a 1896 akwai lambar tunawa da ake ba mahalarta, daban da ta waɗanda suka ci.

To ina matsalar take? Tana wurare uku, kuma ta ukun tamu ce ta gida.

Ta farko, kyautar da aka yi wa yaro alkawari saboda kawai ya yi abu tana iya rage masa son abin. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki yaran nazare masu son zane suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo. Kashi na biyu aka ba su bayan sun gama ba tare da sun sa rai ba. Kashi na uku ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka zuba musu kayan zane aka bar su, waɗanda aka yi wa alkawari sun ɓata kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zanen. Abin da da suke yi don daɗi ya koma aikin lada. A 1999 Edward Deci da abokansa sun tattara gwaje-gwaje 128 irin wannan, suka ga abu ɗaya: ladan da aka sa rai da shi saboda shiga abu kawai yana rage sha'awa, kuma ya fi yi wa yara illa fiye da ɗaliban jami'a, amma na ba-zata ba ya yin haka, yabon baki na gaskiya kuwa ƙara sha'awar yake yi. Wani bincike na baya-bayan nan a Kalifoniya a kan ɗalibai sama da 15,000 ya zo da abin mamaki: waɗanda aka aika wa takardar yabo saboda ba su yi fashin makaranta ba, fashinsu ƙaruwa ya yi a watan da ya biyo baya. Sun ɗauka sun riga sun yi fiye da abin da ake bukata.

Ta biyu, manyan yara ba a yi musu wayo. Ɗan shekara 12 da ya zo na ƙarshe a tsere aka rataya masa lamba irin ta wanda ya zo na ɗaya, ya san tausayinsa aka ji, abokansa ma sun sani, kuma kafin a isa gida sun fara tsokanarsa. Wanda ya ci kuma ya ga an raina gumin da ya yi. An ɓata wa mutum biyu rai da kuɗin lamba biyu. Amurkawa sun taɓa gaskata cewa idan aka cusa wa yaro jin cewa shi na musamman ne, karatu zai biyo baya, har jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti a kan haka a 1986. Da Roy Baumeister da wasu masana suka bi diddigin binciken a 2003, sai suka ga akasari nasara ce take haifar da yarda da kai, ba yarda da kai ce take haifar da nasara ba.

Ta uku ita ce yadda abin ya zama a wasu makarantun kuɗi na garuruwanmu. Ana karɓar kuɗin biki daga iyaye, a sayi bokiti ko farantin roba da wani ɓangare na kuɗin, a ƙirƙiro wa kowane yaro laƙabi: mafi tsafta, mafi fara'a, mafi iya gaisuwa. Uba ya sayi kyautar ɗansa da kansa, an miƙa masa a gaban mai ɗaukar hoto. Ɗan shekara 5 ya sa doguwar riga da hular kammala jami'a domin ya gama nazare. Abin ya yi yawa har a 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Uwa ce za ta koma gida da farin ciki an ce 'yarta ta yi fice, alhali yarinyar tana aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Irin wannan kyauta ta rufe matsalar da ya kamata a gano da wuri.

Hanyar da muka daɗe da ita a makarantar allo

Akwai tsari na uku, kuma ba daga waje za mu aro shi ba. Ku dubi saukar Alƙur'ani. Duk almajirin da ya kai ƙarshe ana yi masa allon zayyana, a tara jama'a, ya karanta a gaban malamai, a yi walima. Ba a cewa sai uku na farko. Wani ya sauke a shekara huɗu, wani sai da ya yi takwas, kowa da allonsa. Amma ba wanda ya taɓa cewa allon zayyana ya yi arha, domin ba a ba wanda ya zo ya zauna a gindin bango kawai. Sai ka sauke. Kafin nan ma akwai ƙananan matakai, kamar sadakar da ake yi idan yaro ya kai Sabbi, wadda take gaya masa an ga inda ya kai. A can sama kuma akwai alaramma, akwai gwani, matsayin da ba kowa yake takawa ba, ga kuma musabaƙa ga masu son a gwada su da wasu. Ƙofa ɗaya a buɗe take ga duk mai juriya, ɗayar kuma ta ƙwararru ce, kuma ba su taɓa cin karo ba.

Wannan shi ne abin da zan ba makarantar boko da kocin unguwa shawara su kwaikwaya. A raba abu biyu da ake cakuɗawa: shaidar kammalawa da kyautar fifiko. Shaidar kammalawa ta duk wanda ya cika wani sharaɗi ce da aka sani, mai ɗan wuya amma wanda kowane yaro zai iya kaiwa in ya dage. Kyautar fifiko ta wanda ya fi ce, kuma ta bambanta a ido: shi kofi, su takarda. Masu gudun famfalaƙi haka suke yi. A na Legas, wanda aka fara a 2016, akwai lambar da ake ba waɗanda suka ƙarasa kilomita 42, kuɗin kyauta kuma na waɗanda suka zo gaba ne, kuma ba mai jin an zalunce shi.

Muhimmin abu shi ne abin da aka rubuta a jikin takardar. "Ya halarta" ba ta ce komai ba. "Ta karanta shafi guda na Hausa da kanta ba tare da taimako ba" magana ce. "Ya ƙarasa tseren mita 800" magana ce. Masu bincike Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada wannan a 1998 da yara 'yan aji biyar: wasu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka ba su tambayoyi masu wuya suka faɗi, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi dagewa. Wannan gargaɗi ne har ga iyayen na ɗaya: yaron da kullum ake ce wa haziƙi yakan fara gudun duk abin da zai iya kayar da shi.

Sai a ƙara kyauta ɗaya da nake ganin ta fi kowace amfani a aji mai cunkoso: ta wanda ya fi ci gaba. A ɗauki makin zangon farko a gwada da na uku. Yaron da ya tashi daga 35 ya kai 55 a lissafi ya yi aikin da watakila ya fi na wanda ya zauna a 90 wuya. Wannan ce kaɗai kyautar da na 40 zai iya hangowa tun ranar farko, domin da kansa na jiya yake takara. Tana da sharaɗi: sai malami ya riƙe rajistar maki da gaskiya, kuma a ba ta daraja daidai da ta na ɗaya, shi babban baƙon da ya miƙa waccan ya miƙa wannan. Idan aka bar ta ƙarshen taro lokacin da mutane sun fara naɗe tabarmi, yara za su gane ba a ɗauke ta da muhimmanci ba.

A filin wasa gyaran ya fi sauƙi. A raba masu tsere bisa shekaru ko tsayi, kamar yadda musabaƙa ta raba mai izu 2 da mai izu 60, don kada ƙato ya riƙa kwashe lambobin ƙanana. Sannan a sa maki ɗaya ga gidan duk yaron da ya shiga ya ƙarasa, na ɗaya kuma ya samu biyar ko fiye. Da zarar an yi haka za ku ga shugaban gidan ja yana bin yaron da ba ya gudu yana lallashinsa ya shiga, domin makinsa ɗaya zai iya raba gardama. An ba shigarsa daraja ta gaske ba tare da an yi masa ƙaryar ya ci ba.

Wane tsari ga wane aji

Daga nazare zuwa aji biyu ko uku na firamare, a ba kowa abu iri ɗaya, ƙarami, kuma kada a yi ta shelarsa tun farkon zango, ya zo musu a ba-zata. A cire matsayi daga katin. Iyaye za su zo suna tambaya "na nawa ya zo?", domin da ita aka tambaye su suna yara. Malami ya nuna musu abin da yaron ya iya da abin da bai iya ba tukuna, wannan ya fi lamba amfani a gare su. Daga aji huɗu zuwa shida a shigo da kofi ga waɗanda suka yi fice, tare da shaidar kammalawa da kyautar ci gaba. A sakandare kuwa a daina ba da komai saboda halarta kawai. A faɗaɗa fagagen da ake gasa a kansu, muhawara, kacici-kacici, noma, ɗinki, ƙwallo, langa, rubutun waƙa, domin yara da yawa su samu inda za su yi fice da gaske. Ko a nan ban ga amfanin karanto sunan na ƙarshe a taron safe ba. A yaba na sama a fili, a yi magana da na ƙasa a ofis.

Makarantar ƙauye da take fama da fashin yara lokacin damina ko ranar kasuwa tana iya ganin kyautar zuwa kullum ita ce mafita. A yi hattara da ita. Yaron da ya yi fashi yawanci ba shi ya zaɓa ba, gona aka tura shi ko talla. Wanda ya kamata a zauna da shi uban ne, kuma abin da ya fi takarda jan yaro shi ne ya tarar da malami a aji da abin da zai ci.

Akwai kuma gida, inda abin ya fi zafi. A gidan da 'yan uba suke makaranta ɗaya, kofin da ɗan wannan ɗaki ya shigo da shi yana iya zama maganar wata guda. Wasu iyaye maza, don a zauna lafiya, sai su saya wa wanda bai ci ba irin abin da aka ba wanda ya ci. Wasu kuma su ƙara wa wanda ya ci keke a gaban 'yan uwansa. Duka biyun suna barin tabo. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, da ya ce a'a sai ya umarce shi da yin adalci a tsakaninsu. Abin da makaranta ta ba yaro nasa ne, a taya shi murna a gaban kowa, a sa 'yan uwansa su yi masa barka. Amma abin da zai fito daga aljihun uba, gara a ɗora shi a kan sharaɗin da kowane ɗa zai iya cikawa gwargwadon ƙarfinsa: wannan ya riƙe matsayinsa, wancan ya ɗaga makinsa na lissafi, ƙaramar ta iya rubuta sunanta.

Ta fuskar kuɗi tsari na uku bai fi sauran tsada ba, takarda ce da kofuna kaɗan. Tsadarsa lokacin malami ce. Kafin a rubuta wa yara 60 jimla guda ta gaskiya kowannensu, sai malamin ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a mako na ƙarshe ake fara wannan ba. Makarantar da take son ta bi wannan hanya a watan Yuli, tun watan Satumba za ta zauna da malamanta a fitar da sharaɗin kammalawa na kowane aji, a sanar da iyaye, a buɗe littafin da za a riƙa rubuta inda kowane yaro ya fara. Idan malamanku ba za su iya wannan a bana ba, ku ba ƙananan azuzuwa kyautar bai-ɗaya, ku bar wa manya na ɗaya zuwa na uku, ku ƙara ta wanda ya fi ci gaba a Turanci da lissafi kawai, tunda makinsu yana cikin rajista, sauran kuma ku ɗaga zuwa baɗi.